Hoton Ayuba da Fuskar Bello

Duk wanda ya tashi a gabashin Sakkwato, tsakanin Wurno da Raba da Goronyo, da sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kunnensa ya tashi. Ni mutumin Shinaka ne, kuma ban cika shekara goma ba aka ɗora ni a mota aka kai ni ziyarar hubbarensa a Wurno. Tun daga lokacin na san ɗan Shehu ne, shi ya gina Wurno ya mai da ita ribaɗi, a can kuma Allah ya karɓi ransa cikin 1837. Da na zo jami'a aka ƙara mini da sunayen littattafansa, har aka sa ni na karanta fassarar Infaƙul Maisuri. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa faɗo mini a rai in tambayi yadda fuskar mutumin take ba. Abin da ya jawo mini wannan tambaya wani aiki ne da bai shafi darussanmu na Hausa ba, watau koyon zanen hoton mutum da fentin mai. Labarin wannan koyo, da tarihin da ya tono mini, shi nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Inda na yi kuskure a gyara mini.

A dogon hutun da ya wuce, wanda ya kama daga kaka har tsakiyar hunturu, wani abokina da ke karatun zane a Zariya ya zo gida da ragowar kayan aikinsa. Ya san tun muna firamare ni ne mai zana wa aji taswira da hoton zomo a allo, don haka da zai koma sai ya bar mini fenti kala shida a cikin 'yan bututu irin na man goge baki, da buroshi huɗu, da kwalbar man linsid, da yadi mai kauri. Na ce masa Innata zan fara zanawa. Ya yi dariya, ya ce mai rai motsi yake, haske kuma yana sauya masa fuska daga hantsi zuwa azahar, ni ko hanci ban iya tsayarwa ba tukuna. Ya ce in nemi aikin wani tsohon gwani wanda ya riga ya warware matsalar haske da inuwa, in bi sawunsa daki-daki har sai hannuna ya faɗa.

Da fari na ɗauki maganar raini ce. Daga baya na tuna ai mu ma haka muke yi. Yaro a makarantar allo ba ya fara da ƙago rubutu. Malam ke rubuta masa, ya bi da ido, ya wanke, a sake, har ran da za a ba shi alƙalami ya dubi takarda ya kwafa. Marubutan da suka yaɗa littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu a ƙasashen nan, da kwafa hannunsu ya yi kyau. Turawa ma ta wannan hanya suka bi da fenti. Zane da mai ya bunƙasa a ƙasashen arewacin Turai cikin ƙarni na 15, a hannun irin su Jan van Eyck wanda ya mutu cikin 1441, kuma yaran shago a wancan zamani niƙan launi suke yi da kwaikwayon aikin maigida shekara da shekaru kafin a bar su su taɓa fuska. Da aka buɗe gidan ajiyar hotuna na Louvre a Faris cikin 1793, sai da aka keɓe wa masu kwaikwayo ranakunsu.

A Nijeriya ma da kwaikwayo sana'ar ta shigo. Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa cikin 1882, shi ake ɗauka uban zanen zamani a ƙasar nan, kuma ba shi da malami da fari sai hotunan cikin mujallu da littattafan Turawa, waɗanda ya yi ta kwaikwayo har ya iya. Sai cikin 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo cikin 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Legas. Sana'ar ta iso Arewa sosai cikin 1955, da aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan aka kawo Zariya. A can ne cikin 1958 wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa bin sawun Turawa kaɗai bai isa ba, a haɗa da gadon gida. Mai karatu zai lura babu Bahaushe ko ɗaya a cikin waɗannan sunaye, alhali kuwa a tsakiyar ƙasar Hausa makarantar take. Mu gadon da muka tarar na zane ba ya bi ta kan fuska. Dagi ne a bangon soro, da aska takwas a ƙirjin riga, da zayyana a gefen Alƙur'ani, da aikin dukawa a kan jar fatar Sakkwato.

To, wane hoto zan kwaikwaya? Abokina ya nuna mini na sarakunan Turai da matansu a wayarsa, ban ji ko ɗaya ya kama ni ba. Launin fatarsu ma ba irin wanda nake so in koya ba ne. Muna cikin dubawa sai ga wani baƙin mutum sanye da farar riga da farin rawani, da wani jan littafi rataye a wuyansa, yana kallon mai kallonsa ido cikin ido. Wallahi in an ce mini a kasuwar Achida aka ɗauke shi jiya, ba zan yi musu ba. Ashe hoton ya kusa shekara ɗari uku. Wani Bature ɗan Ingila, William Hoare, ya zana shi cikin 1733, shekara 21 ke nan kafin a haifi Shehu Usmanu.

Sunan mutumin Ayuba ɗan Sulaimanu Jallo, Bafillacen ƙasar Bundu, wadda yau take gabashin Senegal. An haife shi wajen 1701, ubansa babban malami ne. Cikin 1731 uban ya aike shi bakin kogin Gambiya ya sayar da bayi biyu ga wani jirgin Ingilishi, ya sayo takarda. A hanyar komawa Mandingo suka kama shi, suka aske masa kai da gemu, suka sayar da shi ga wancan jirgi da ya je ciniki da shi. Aka ƙetare da shi zuwa Merilan ta Amurka, aka sa shi aikin gonar taba, da ya kasa aka mai da shi kiwon shanu. Ya gudu, aka kama shi aka kulle. A kurkuku wani lauya mai suna Thomas Bluett ya gan shi yana rubutun Larabci, ya gane ba ƙaramin mutum ba ne. Ayuba ya rubuta wa ubansa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta bi ta Landan ta faɗa hannun James Oglethorpe, aka kai ta Jami'ar Oksfod aka fassara. Sanadiyyarta aka kawo shi Ingila cikin 1733, wasu masu hali suka tara kuɗi suka fanshe shi. A zamansa na can ya taimaki Hans Sloane da karanta rubuce-rubucen Larabci, aka gabatar da shi ga Sarauniya Caroline, kuma Bluett ya shaida ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka. Cikin 1734 ya koma gida, ya tarar ubansa ya rasu. Shi kuma ya rayu har 1773.

Ba zan ɓoye wa mai karatu abin da ya dame ni game da shi ba. Mutumin da ya ɗanɗani bauta da jikinsa, da ya koma bai juya wa cinikin bayi baya ba, ya ci gaba da hulɗa da kamfanin Ingilishi mai wannan fatauci. Na yi wata biyu ina duban idanunsa kullum, kuma sanin wannan bai bar ni na mai da shi waliyyi ba. Hoton kuwa ya daɗe a hannun wasu iyali a Ingila, sai cikin 2009 aka yi gwanjonsa, hukumar gidajen tarihi ta Ƙatar ta saya, cikin 2011 kuma ta ba da aronsa ga gidan hotunan mashahuran mutane na Landan.

Na sa aka buga mini shi a babbar takarda a Sakkwato, na koma Shinaka na share wani ɗaki da muke ajiye albasa. Kafinta ya haɗa mini firam na katako, na ja yadin na buge da ƙananan ƙusoshi har ya yi ƙara kamar ganga, na shafe shi da farin fenti sau uku ina gogewa. Sa'an nan na raba takardar gida-gida kamar mai buga hatimi, na raba yadin haka nan, na riƙa ɗaukar abin da ke kowane gida da gawayi ina mayarwa a ɗan'uwansa. Bayan wannan aka zo shimfiɗar farko, wadda ake yi da kalar ƙasa-ƙasa kaɗai, an tsinka ta da kananzir, don a raba inda haske yake da inda duhu yake tun ba a kawo maganar launi ba. Ƙa'idar aikin ita ce kowace shimfiɗa ta sama ta fi ta ƙarƙashinta mai, in ba haka ba ta saman za ta riga bushewa, fentin ya tsattsage. Kuma ba a gaggawa. Fentin mai ba bushewar ruwa yake yi ba, iska yake sha ya daskare a hankali, sai a yi kwana uku ko mako ana jira.

A nan hunturu ya koya mini hankali. Ran da na gama goshi da kumatu, na bar taga a buɗe don warin kananzir ya fita, na tafi fadama. Kafin in dawo iska ta taso, ƙura ta bi ɗanyen fentin ta zauna, Ayuba ya koma kamar wanda ya kwana a sussukar gero. Da wuƙa na kankare aikin kwana huɗu. Daga ranar sai in jingina hoton yana fuskantar bango, in rufa masa tsohon zanen Inna daga nesa.

Abin da ya fi ba ni wuya launin fata ne. Na ɗauka baƙin mutum baƙin fenti zan sa masa in sassauta da fari, sai ga shi ya fito toka-toka kamar gawa. Da na ƙura wa takardar ido na kwanaki, na ga babu baƙi tsantsa a fuskar sai ƙwayar ido. Ja ne da rawaya da ƙasa-ƙasa aka jera, inuwar kuma tana da ɗan sanyi, hasken goshi yana da ɗumi. Tun daga nan na fara ganin mutanen garinmu dabam. In zauna a majalisa da la'asar ina duban yadda rana ke sauka a kumatun wani, har ya tsargu ya tambaye ni ko bashi nake binsa.

Amma babban abin da kwaikwayon ya nuna mini, wanda kallo kawai ba zai nuna ba, shi ne hannun Hoare iri biyu ne a hoton nan. A fuska kowane layi yana da dalili, ka ji mutum yana duban wani abu a gabansa yana bi. Da na sauko kan riga da rawani sai na ji aikin ya yi sauƙi ƙwarai, har na yi mamaki. Rawanin yana zaune ne a bisa kai, gashi ya fito ta gefe biyu, ba amawali, ba naɗin da ɗan Sakkwato zai ce ga inda aka fara ga inda aka soke. Na koma ga labarin da Bluett ya buga cikin 1734, sai na sami dalili. Ayuba da fari ƙin yarda ya yi a zana shi, sai da aka lallashe shi cewa don tunawa da shi ne kurum. Da ya yarda, aka gama fuska, sai ya ce shi da tufafin ƙasarsu za a nuna shi. Mai zane ya ce ba zai iya zana abin da bai gani ba sai an siffanta masa. Ayuba ya kama shi da wannan magana, ya tambaye shi to yaya wasu masu zanensu suke ƙarfin halin zana Ubangiji, wanda babu mai ganinsa? Watau fuskar gani ce, tufafin kuwa ji ne, kuma bayan shekaru kusan ɗari uku buroshin ɗan koyo a ɗakin albasa ya iya jin bambancin.

Ina cikin shimfiɗa ta uku Baffana ya shigo. Malami ne mai almajirai, kuma na san labari ya kai masa, don na yi mako ina kauce wa zaurensa. Ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana dubawa.

"Kai, wanga wane na?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin Ayuba a taƙaice.

"Ka taɓa ganinai?"

Na ce a'a, Baffa.

"To wanda yaz zana shi, shi ya gane shi da idonai?"

Na ce ya gan shi, gabansa ya zauna. Sai ya ce, "To shi shaida na. Kai ko mai ruwaya na. Ka tsare amana, kak ka ƙara mai abin da ba a ba ka ba. In za ka salla ka juya shi bango."

Na zaci wa'azin haramci zan sha, kuma da ya yi shi ba zan ce ya zalunce ni ba, don hadisan da suka tsoratar da masu sura sanannu ne. Sai dai Baffa Bamalike ne na tsohon karatu, malaman Malikiyya kuwa sun bambanta sura mai jiki wadda ke da inuwa, kamar gunki, da wadda aka shimfiɗa a takarda ko ƙyalle. Ta farko in ta cika gaɓoɓi haramun ce, ta biyu sun sauko da ita zuwa karhanci. Akwai malaman da suka tsananta suka haɗa duka, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Tarihi dai ya nuna sarakunan Musulmi ba su taru a kan ƙi ba. Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Santambul cikin 1453, shi ya nemi a aiko masa da mai zane daga Benis ta Italiya, Gentile Bellini ya je ya zana shi da fentin mai cikin 1480.

Kalmar nan ta Baffa, ruwaya, ita ta zauna mini. Hoton da ke ɗakina yana da isnadi kamar hadisi. Hoare ya gani, mai kyamara ya ɗauka daga Hoare, mai injin bugawa a Sakkwato ya ɗauka daga mai kyamara, ni na ɗauka daga gare shi. Kowane ɗayanmu ya rage wani abu, ni na fi kowa ragewa, amma sarƙar tana komawa ga ido guda da ya ga mutumin.

Da hoton ya bushe mutane suka yi ta zuwa kallo. Cikinsu har da wani malamin makaranta, abokin yayana, wanda ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, tun da Allah ya ba ka hannu, me ya kai ka zanen baƙo? Ka zana muna Bello mu kafa a makaranta, yara su san kakansu." Ya ajiye mini kafin alƙalami, kuma kuɗin da ya ambata zai biya mini rajistar wannan zango da saura. Na karɓa. Sa'an nan na shiga neman abin da zan kwaikwaya.

Ga abin da na samu. Baturen farko da ya zo Sakkwato ya bar labari shi ne Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka kira Abdullahi. Ya gana da Bello cikin Maris na 1824, ya sake dawowa cikin 1826, ajali ya same shi a Sakkwato cikin Afrilu na 1827. Ya siffanta Bello da kalmomi. Ya ce mutum ne mai kwarjini, ɗan shekara 44 amma bai nuna ba, tsawonsa ƙafa biyar da inci goma, mai jiki, da gajeren baƙin gemu mai murɗewa, da ƙaramin baki, da kyakkyawan goshi, da miƙaƙƙen hanci, da manyan baƙaƙen idanu. Rigarsa ta auduga ce mai shuɗi-shuɗi, rawaninsa fari, ya ja amawali ya rufe hanci da baki. Ina jin bakin da gemun a wani zama ya gan su, tun da sun gana sau da dama. Littafin da aka buga a Landan cikin 1826 na tafiyar su Denham da Clapperton yana da hoton Shehu Laminu na Barno, amma babu na Bello. Abin da ke ciki da sunan Bello taswira ce ta ƙasashen Sudan da mabiyar kogin Kwara, wadda aka yi wa Clapperton a Sakkwato. Ko a zamansu ma, Clapperton ya ce Bello ya zana masa yadda kogin ya bi a kan rairayi.

Bayansa Heinrich Barth, ɗan Jamus, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello a Gawasu cikin 1853, ya zauna a Wurno fiye da wata guda, ya kuma sake biyowa cikin 1854. Shi ma da baki ya siffanta Aliyu, kakkaura matsakaicin tsawo mai zagayayyiyar fuska da fara'a, wanda ya fi ɗauko uwarsa bisa ga ubansa, kuma bai rufe fuska ba kamar yadda Bello ke yi gaban baƙo. Hotuna masu launi da ke littafin Barth, har da na kasuwar Sakkwato, wani mai zane ne a Jamus, Bernatz, ya yi su daga 'yan zane-zanen da Barth ya kai gida. Abin dariya, ko abin tausayi, fuskokin da suka shiga littafin daga cikin waɗanda suka taka Wurno a tafiyar nan na yaran Barth ne guda biyu, Abbega da Dorugu, wannan Dorugun da mu ɗaliban Hausa muka sani da labarin rayuwarsa a Magana Hausa ta Schön. Su an kai su Turai cikin 1855, can aka sami mai zana su. Yaro ɗan ƙwadago ya sami hoto, Sarkin Musulmi bai samu ba.

Ganin babu abin kwaikwayo, sai wata dabara ta zo mini. Sardauna Ahmadu Bello a Raba aka haife shi, ubansa Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, shi kuma ɗan Bello. Hotonsa kuwa yana aljihun kowa tun da aka fito da takardar naira 200 cikin 2000. Na ce bari in ɗauki ƙashin fuskar Sardauna, in miƙe hancin, in ƙara girman idanu, in sa gajeren gemu, in tufatar da shi yadda Clapperton ya faɗa. Na yi kwana tara a kai. Kuma ya yi kyau, ya ma fi na Ayuba kyau, don babu takarda a gefe mai nuna mini kuskurena. Ƙanwata ta leƙo ta ce wannan ai Sardauna ne ya rame. Na rage kumatu, na ƙara tsawon fuska, sai ga Ayuba yana leƙowa ta cikin amawalin, don idanunsa kaɗai hannuna ya iya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Nawa ma bai kai kama ba, tun da ba ni da wanda zan gwada da shi. Barth ya riga ya gaya mana ko ɗan cikin Bello bai ɗauko shi ba, balle tattaɓa-kunne.

Sai na tuna da hotunan da ke yawo a kalanda da littattafan makaranta da wayoyinmu da sunan Shehu ko Nana Asma'u. Shehu ya rasu cikin 1817, shekara bakwai kafin Clapperton ya iso, shekara 22 kafin a bayyana wa duniya kyamara cikin 1839. Duk hoton da aka ce nasa ne, wani ya zauna ya ƙaga kamar yadda na zauna. Haka na Asma'u, haka Sarauniya Amina da ta fito a kan sarki cikin 1975. Ban ce ƙage a zane laifi ba ne in an san ƙage ne. Illar ita ce hoto ba ya yawo da bayaninsa. Yau a kafa shi a bangon aji, gobe wani ya ɗauka da waya, jibi ya shiga intanet da sunan Bello a ƙarƙashi, ni kuma da na san yadda aka haɗa shi ba mai tambayata. Yanzu ma da kwamfuta ke ƙirƙiro fuska cikin ƙiftawar ido, wanda ya rasa hoton wani magabaci sai ya sa ta ta yi masa.

Waɗanda suka san Bello da idonsu kuwa sun bar mana shi ta hanyar da suka zaɓa. Waziri Giɗaɗo, wanda ya sauki Clapperton, ya rubuta littafi a kan al'amuransa bayan rasuwarsa. Asma'u ta yi masa waƙar Fulatanci mai suna Gikku Bello, watau halin Bello, inda ta bi iliminsa da adalcinsa da kyautarsa. Mutanen nan sun fi kowa sanin tsawon hancinsa, kuma suna da tawada da takarda da lokaci. Hali suka ga ya cancanci ajiyewa. Mutumin da ke jan amawali ya rufe baki gaban baƙo, ban ga ta inda zan samu izinin yaye masa shi ba, balle in liƙa masa bakin wani.

Ran da malamin ya zo karɓa, na riga na shafe yadin da farin fenti. Na mayar masa da kuɗinsa, ban da abin da na riga na kashe a man linsid, wanda na ce zan cika masa bayan an sayar da albasa. Na gaya masa in yana so zan kwaikwaya masa taswirar nan ta 1826 da girma, da kogin Kwara da sunayen garuruwa, tun da ita tana da asali. Ransa bai yi daɗi ba. Ya ce yara ba sa tsayawa kallon taswira, kuma akwai wani a Sakkwato da zai yi masa hoton cikin kwana biyu. Na ce Allah ya ba da sa'a, Malam. Rajistar kuwa yayana ya biya, bayan ya gaya mini abin da ke ransa game da masu mayar da kuɗi.

Hoton Ayuba yana nan a ɗakin albasa. Kunnensa na hagu ya fi na dama tsawo, jan littafin kuma ya fi na Hoare haske, don jan da nake da shi ke nan. Daren da zan dawo makaranta Baffa ya aiko almajiri ya ɗauko shi, ya sa aka riƙe masa fitila, ya duba ya duba, ya tambaye ni ko gaskiya ne da ka mutumin ya rubuta Alƙur'ani sau uku a ƙasar Turawa. Na ce haka wanda ya zauna da shi ya faɗa. Ya ce Allah shi jiƙanai, ya miƙa wa yaron ya mayar.